Daga Murɗa Waya Zuwa Takardar Mallaka: Aikin da Ke Gaban Mai Ƙirƙira a Baure

Duk wanda ya taɓa leƙa bayan teburin mai cajin waya a kasuwar Baure ko ta Babban Mutum ya san abin da idonsa. Wayoyi biyu ne aka fere musu baki, aka murɗe su da filaya, aka naɗe da baƙin salatif, in salatif ya ƙare a yagi leda a ɗaure. Ranar da aka yi haɗin komai lafiya lau. Bayan 'yan watanni sai salatif ya fara narkewa yana danƙo, ƙwan shago ya riƙa ƙiftawa, in mutum ya kai hanci kusa ya ji ƙaurin roba. Mai shago zai ce wutar ce ba ta da ƙarfi, ko ya ɗora wa janareta laifi. Sau da yawa kuwa ɓarnar tana cikin wannan ɗan ƙulli da bai kai tsawon yatsa ba.

Masu sana'ar sun san dalili. Wayar da ke saukowa daga falwaya galibi ta alminiyam ce, don ta fi araha kuma ba ta da nauyi, ta cikin ɗaki kuwa ta jan ƙarfe ce, kuma ƙarafan nan biyu ba sa zaman lafiya a wuri ɗaya. Da zarar alminiyam ya sha iska sai ya yi wata siririyar fata da ido ba ya gani, wadda wuta ba ta ratsa ta da daɗi. In rana ta buɗe a watan Afrilu yakan kumbura fiye da jan ƙarfe, dare ya yi ya koma, kullum haɗin na ƙara sakewa. Ko da noti aka ɗaure shi, taushinsa kan sa ya riƙa janye jiki a hankali har matsin ya ragu. Damina ta zo da laima ta shiga tsakani, alminiyam ya fara cinyewa yana zama farin gari. Hunturu kuma ya cike sauran gurbin da ƙura.

Lissafin ba shi da wuya. In haɗin ya lalace har turjiyarsa ta kai kashi 1 cikin 10 na om, wuta mai amfiya 10 za ta tara zafin wat 10 a wurin. A ƙara firji da hita a kai amfiya 20, zafin ba ninki biyu zai yi ba, ninki huɗu ne, wat 40. Yawancin ƙarfen soda da masu gyaran rediyo ke narka dalma da shi ba ya wuce haka. Ga shi kuma a naɗe cikin roba, a jikin katakon rumfa, wani lokaci dab da zana.

Ba a nan kaɗai aka sha wannan wahala ba. A Amurka, tsakanin 1965 da 1973, tsadar jan ƙarfe ta sa an yi wa gidaje masu ɗimbin yawa wayarin da alminiyam. Da gobara ta yi ta tashi daga bakin soket da makunni, sai kamfanoni suka duƙufa wajen ƙera mahaɗai na musamman don irin wannan haɗi, kowa yana rajistar nasa.

Masu wayarin da masu haɗa sola a ƙasar Daura su ma ba su naɗe hannu ba. Wani yakan fasa tsohon filogi ya ciro ƙarfensa ya yi matsewa da shi, wani ya yanko bututun roba ya yi murfi. Mafi yawan waɗannan dabaru na fita kunyar yau ne, gobe a sake wata. Amma a cikinsu akan sami wadda ta isa a kira ta ƙirƙira. Ranar da aka same ta, abin da zai mayar da ita dukiyar mai ita a idon doka ba filaya ba ce, alƙalami ne. A Najeriya kuwa, saboda wani dalili da za a zo kansa, ingancin rubutun shi ne kusan komai.

Abin da doka ke saye da abin da take sayarwa

Ɗan ƙaramin abu irin filogi ya taɓa gina babban kamfani. A farkon zuwan lantarki gidaje, fitila kawai ake yi wa wayarin, wanda ya sayi dutsen guga ko fanka sai ya kwance ƙwai ya murɗa wayarsa a mazaunin ƙwan. Harvey Hubbell, wani maƙeri a garin Bridgeport na Amurka, ya ƙera filogin da ake cusawa a zare ba tare da an taɓa wayar da ke da wuta ba, aka ba shi takardar mallaka mai lamba 774,250 ranar 8 ga Nuwamba, 1904. Kamfanin da ke ɗauke da sunansa yana nan har yau. Takardar ma tana nan a intanet, da zanenta da bayaninta, kowa na iya buɗewa ya karanta, domin haka cinikin yake: mai ƙirƙira ya bayyana wa duniya sirrinsa duka, hukuma kuma ta ba shi ikon hana kowa cin moriyar abin na wasu shekaru, in sun cika ya zama na kowa.

A Najeriya dokar da ke tafiyar da wannan ciniki ita ce ta mallakar ƙirƙira da zane ta 1970. Ofishin rajistar yana Abuja, ƙarƙashin Ma'aikatar Masana'antu, Ciniki da Zuba Jari ta Tarayya. Takardar tana aiki shekara 20 daga ranar da aka shigar da buƙata, muddin ana biyan kuɗin kowace shekara. Wanda ya riƙe ta yana da ikon hana wani ƙera abin, ko shigo da shi daga waje, ko sayar da shi, ko tara shi a sito don sayarwa. Batun shigowa daga waje shi ne ya fi shafar ɗan Arewa, domin kowa ya san yadda samfuri ɗaya kan tafi Sin a jakar ɗan kasuwa ya dawo cike da kwantena.

Rajista iri biyu ce a dokar, kuma akan ruɗa su. Akwai ta kamannin abu, wato siffarsa da adonsa, wadda ke yin shekara 5, a sabunta sau biyu ta kai 15. Akwai kuma ta yadda abu ke aiki. Mai mahaɗin waya ta biyun yake nema, don wanda zai kwaikwaye shi ba ruwansa da launi, dabarar ciki yake so. Sharuɗɗanta uku ne: abin ya zama sabo, ya zama ba wanda kowane gwani a fannin zai hango kai tsaye ba, kuma ya zama ana iya ƙera shi a yi amfani da shi.

Bakin da ke kashe ƙirƙira

A ɗauka, don misali kawai, wani mai wayarin a Baure ya ƙera mahaɗi mai ramuka biyu a rabe, ɗaya na alminiyam ɗaya na jan ƙarfe, da gadar ƙarfe a tsakaninsu. A ramin alminiyam ya sa sifirin da ke bin wayar yana danne ta duk lokacin da ta janye jiki. Ya kuma ƙara wani abu: ɗan jan harshe da ke leƙowa waje idan matsin ya ragu, yadda maigida zai hango daga ƙasa cewa haɗin ya saki tun kafin ya fara ƙauri.

Me zai fara yi? Kowa ya san amsar. Zai kai majalisa a gani, a yi ta sa masa albarka. Yaron shagonsa zai ce, "Oga, bari in ɗauka a waya," kafin la'asar bidiyon ya hau Facebook da TikTok, an buɗe cikin abin ana nuna sifirin. Ranar kasuwa ya sayar da goma don a gwada.

A idon dokar 1970, ya riga ya yi wa kansa illa. Sabo a wurinta shi ne abin da ba a taɓa bayyana wa jama'a ba, a ko'ina a duniya, a kowane lokaci, ta rubutu ko ta baki ko ta amfani da shi, kafin ranar shigar da buƙata. Ba ta ware bayyanawar da mai abin ya yi da kansa ba. Rangwamen da ta yi ɗaya ne tak, ga wanda ya nuna abinsa a baje kolin ƙasa da ƙasa da hukuma ta amince da shi cikin wata 6 kafin ya shigar. Amurka tana ba mai ƙirƙira shekara guda bayan ya bayyana, Najeriya ba ta bayarwa. Abin baƙin ciki ne a ce halin kirki na ɗan sana'a, son a gani a amfana, shi ne ke raba shi da haƙƙinsa, amma haka dokar take, kuma gara a sani tun da wuri.

Akwai na biyu. Dokar tana ba da takarda ga wanda ya riga shigar da buƙata, ko da ba shi ya fara tunanin ba. Ta dai tanadi cewa in an ɗauki ginshiƙin ƙirƙirar wani ba da izininsa ba, haƙƙin ya koma gare shi, sai dai shi zai kawo hujja. Shi ya sa littafin rubutu mai kwanan wata, da zanen kowane gwaji, da sa hannun shaidu biyu da suka yi alkawarin riƙe sirri, ya fi bidiyo dubu amfani. Maƙerin da zai yanka ƙarfen da mai zanen da zai zana, a rubuta yarjejeniyar sirri da su kafin a buɗe musu.

Haka kuma a duba wa ake yi wa aiki. In ƙirƙirar ta fito a cikin aikin da aka ɗauki mutum ya yi, ko kwangilar da aka ba shi, haƙƙin na wanda ya ɗauke shi ne, ko da yake doka ta ce a wasu halaye a ba shi lada mai dacewa, kuma sunansa na ainihin mai ƙirƙira ba ya ɓacewa daga takarda. Tsakanin maigida da yaron shago, ko malami da makarantarsa, maganar nan gara a gama ta tun ana dariya.

Kafin a sa alƙalami

Mahaɗin waya fage ne da aka daɗe ana noma. Kamfanin WAGO na Jamus ya yi suna da mahaɗan da sifirin ke riƙe waya ba tare da noti ba tun shekarun 1970. Wanda ke bayan yawancin faifan sola, MC4, kamfanin Multi-Contact na Suwizalan ne ya ƙirƙiro shi, kuma lambar 4 ɗin kaurin ƙarfen cikinsa ce, milimita 4. Saboda haka mai wayarin na Baure ba zai ce shi ya fara sa sifirin a mahaɗi ba, ba kuma zai ce shi ya fara raba alminiyam da jan ƙarfe ba. Dole ya nemo takamaiman abin da yake nasa.

Binciken kyauta ne ga mai waya da data. Google Patents, da Espacenet na ofishin Turai, da Patentscope na hukumar WIPO da ke Janiba, duk a buɗe suke. An kasa ƙirƙire-ƙirƙiren duniya rukuni-rukuni, mahaɗan lantarki suna ƙarƙashin H01R, haɗin ƙarafa mabambanta irin alminiyam da jan ƙarfe kuwa H01R 4/62. Wanda Turancinsa bai yi ƙarfi ba ma zai amfana, domin zanen ne ke magana, kuma mai sana'a yana karanta zane fiye da lauya. Zai ga ɗaruruwa. Wataƙila ya tarar wani a Japan ya riga shi da shekara 30, ya yi baƙin ciki na kwana biyu ya tsira da kuɗinsa. Wataƙila kuma ya tarar an yi sifirin, an yi ramuka biyu, amma ba wanda ya haɗa sifirin da harshen gargaɗi yadda ya yi. To nan ne zai kafa rubutunsa.

Bayani da zane

Doka ta jera abin da buƙata za ta ƙunsa: cikakken suna da adireshin mai nema, bayanin ƙirƙirar tare da zane, da'awa ɗaya ko fiye, da kuɗin rajista. In wakili ne zai shigar, sai da takardar wakilci mai sa hannu. Ƙirƙira ɗaya ake sa wa a buƙata ɗaya, kuma da Turanci ake rubutawa, amma ba abin da ya hana mai abin ya fara tsara komai da Hausa, ya zauna da mai fassarar da ya san lantarki su bi shi layi-layi.

Bayanin yakan fara da fannin da abin ya shafa, sai matsalar da ake fama da ita, sai gazawar hanyoyin da ake da su. A nan ɗan Baure ya fi injiniyan da ke zaune a ofis abin faɗa, don ya ga farin garin da idonsa, ya san abin da ƙurar Janairu ke yi wa haɗi. Daga nan sai a shiga jikin abin gaɓa-gaɓa. Ma'aunin da doka ta sa shi ne bayanin ya fito fili kuma ya cika, har wani gwani a fannin ya iya ƙera abin daga karatu kawai.

Wannan ma'auni yana karo da wata tsohuwar al'adar sana'a, inda maigida kan koya wa yaro tara ya riƙe ɗaya. A takardar mallaka wannan ɗayar da aka riƙe ita ce za ta rushe sauran. In ƙarfin sifirin ne sirrin, ko kusurwar da aka lanƙwasa gadar, dole a faɗa, in ba haka ba kotu na iya soke takardar saboda bayani bai cika ba. Ɓoyewar ma ba ta da amfani a irin wannan kaya, tunda duk wanda ya sayi ɗaya ya sa sukundireba ya ga cikinsa.

Sai kuma a rubuta har da hanyoyin da mai abin bai bi ba amma za su yi aiki. In ya yi amfani da sifirin mai murɗi, ya ambaci cewa lanƙwasasshen falle ma zai yi. In gidan na roba ne, ya ce tangaran ma zai yi. Dalili shi ne doka ta hana da'awa ta wuce iyakar bayani. Abin da ba a faɗa a bayani ba, ba a isa a nemi kariyarsa ba.

Zane da baƙin layi ake yi, ba hoto ba. A nuna abin a haɗe, a nuna shi a warwatse, a nuna shi an tsaga shi biyu, sannan a nuna harshen a ɓoye da kuma a fito. Kowace gaɓa da lambarta: gida 10, rami 12, gada 14, sifirin 16, harshe 18, kuma lambar ba ta canzawa daga shafin farko zuwa na ƙarshe. Ɗalibin da ya koyi zanen injiniya a Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Tarayya da ke Daura ko ta Hassan Usman da ke Katsina zai iya wannan aiki.

Da'awa, inda ake ci ko a faɗi

Sashen da'awa shi ne shingen gonar. Duk abin da ke cikin shinge na mai takarda ne, abin da ke waje na kowa ne, kuma ranar shari'a shingen alƙali zai bi yana dubawa, ba yawan gumin da aka zubar ba. Wanda ya matse shingensa ya bar wa maƙwabta rabin gonarsa. Wanda ya faɗaɗa ya ci iyakar wani, a sa shi ya tumɓuke.

Ga yadda mai wayarin zai so ya rubuta in an bar shi: mahaɗi na baƙar roba mai tsawon santimita 6, da sifirin mai murɗi, da jan harshe. Gaskiya ya faɗa, haka nasa yake. Amma mai kwaikwayo zai yi nasa santimita 7, ya sa fallen ƙarfe a madadin sifirin mai murɗi, ya mai da harshen rawaya, ya wuce ba wanda ya isa ya tare shi. In kuma zafin hakan ya sa ya rubuta cewa duk wani abu da ke haɗa alminiyam da jan ƙarfe nasa ne, takardun Amurka na shekarun 1970 kaɗai sun isa su kayar da shi.

Gwani zai bi tsakiya, ya rubuta wani abu kamar haka: "Mahaɗin wayar lantarki wanda ya ƙunshi gida na abin da wuta ba ta bi ta jikinsa, mai ramuka biyu a rabe, da gadar ƙarfe da ta haɗa ramukan, da abin matsi mai dawowa a cikin aƙalla ɗaya daga ramukan, wanda ke danne waya a jikin gadar, da manuni da ke haɗe da abin matsin, wanda ke fitowa waje da gidan idan matsin ya ragu ƙasa da ƙayyadadden mizani."

Jimla ɗaya ce, ba launi, ba tsawo, ba sunan roba. Kowace gaɓa an faɗi aikinta da yadda ta riƙe 'yar'uwarta. Gwajin da ake yi mata shi ne a ɗauki gaɓoɓin ɗaya bayan ɗaya a tambaya: in an cire wannan, abin zai yi aiki? In zai yi, ba ta da wuri a babbar da'awa, domin duk gaɓar da aka ƙara ƙofa ce aka buɗe wa mai kwaikwayo, ya bar ta kawai ya tsira.

Gaɓoɓin da aka cire ba zubar da su ake yi ba, ƙananan da'awoyi ake yi da su, kowace tana jingina da babbar. Ta 2 ta ce mahaɗi irin na da'awa ta 1, wanda aka lulluɓe gadarsa da kuza. Ta 3 ta ce wanda bakin ramukansa ke kallon ƙasa don kada ruwa da ƙura su shiga. Ta 4 ta ce wanda aka cika raminsa da maiƙon da ke hana iska taɓa alminiyam. Amfaninsu yana fitowa ranar da wani ya tono tsohuwar takarda ya kayar da ta 1, domin doka ta yarda kotu ta soke wasu da'awoyi ta bar wasu.

Hatimin da ba ya ba da tabbaci

Ga dalilin da ya sa rubutu ya zama komai. A Amurka ko Turai, ma'aikacin da ya san fannin yakan ɗauki buƙata ya yi bincike, ya yi ta ja-in-ja da mai nema har a gyara da'awar, abin ya ɗauki shekaru. A Najeriya Magatakardan ofishin rajistar yana duba cikar takardu ne kawai: an cike fom, an sa bayani da da'awa, an biya kuɗi, ƙirƙira ɗaya ce. Doka ta ce kada ya binciki ko abin sabo ne, kuma ta faɗa ƙarara cewa ana ba da takardar ne bisa kasadar mai ita, ba tare da tabbacin ingancinta ba.

Ma'ana, mutum na iya karɓar takarda mai hatimi ya sa a firem, alhali ba za ta tsaya minti goma a gaban alƙali ba. Ba zai sani ba sai ranar da ya kai ƙarar mai kwaikwayo Babbar Kotun Tarayya, wadda ita ke da hurumin irin wannan shari'a kuma tana da reshe a Katsina, lauyan wancan ɓangare ya miƙe da tsofaffin takardu a hannu ya nemi a soke ta. Binciken da ofis bai yi ba, kafaɗar mai ƙirƙira ya koma. Wanda ya yi masa alkawarin fito masa da takarda cikin sauri ba tare da ya tambaye shi me ya gano a bincike ba, takarda kawai zai sayar masa.

Akwai mataimaki da mutane da yawa ba su san da shi ba. Hukumar NOTAP, wadda aka kafa a 1979, tana taimaka wa 'yan Najeriya masu ƙirƙira wajen duba buƙatarsu da shigar da ita ba tare da sun biya kuɗin rajista ba, kuma ta buɗe ofisoshin kula da mallakar fasaha a jami'o'i da kwalejoji da dama. Ba sai mai digiri ba. Abin da ya rage shi ne labarin ya isa rumfunan masu gyara a Baure da Zango da Sandamu da harshen da suke ji, wanda aiki ne da ƙananan hukumomi da ƙungiyoyin masu sana'a za su iya ɗauka.

A kuma sani cewa takardar mallaka ba lasisin sayarwa ba ce. Kayan da zai ɗauki wutar gidan mutane sai ya bi ta hannun hukumar SON mai kula da ingancin kaya, kuma hukumar NEMSA ce ke duba kayan aikin lantarki da yadda aka girka su. Gwaji ma a kan batir da sola ko a ɗakin gwaji za a yi shi. Layin falwaya na kamfanin rarraba wuta KEDCO ne, hawa kansa ba izini laifi ne, ga kuma ran mutum.

Wuta tana tsallaka iyaka, takarda ba ta tsallakawa

Mutumin Baure yana da wata matsala da ta Kaduna ko Bauchi ba ta kai ba. Daga Babban Mutum zuwa Magarya tafiya ce ta ɗan lokaci, haka daga Kongolam a Mai'aduwa a miƙe zuwa Damagaram. Rabin kasuwarsa tana hayin iyaka. Ita kanta wutar tana tsallakawa, ta layin da ya tashi daga Katsina zuwa Gazawa yana ciyar da yankin Maraɗi da Damagaram. Takardar Abuja kuwa a bakin shingen kwastan take tsayawa. Wanda ya ƙera irin mahaɗin a Magarya ya sayar a can bai taka dokar kowa ba.

Nijar tana cikin ƙungiyar OAPI ta rajistar mallakar fasaha, mai hedikwata a Yawunde, wadda yarjejeniyar Bangui ta 1977 ta kafa. Ƙasashe 17 ne a ciki, kuma rajista ɗaya ta game su duka. Dukan maƙwabtan Najeriya huɗu na tudu, Benin da Nijar da Chadi da Kamaru, suna ciki, ita Najeriya ba ta ciki, ba ta kuma cikin takwararta ARIPO da ke Harare a matsayin cikakkiyar mamba. OAPI tana da wata ƙaramar rajista ta shekara 10 don ƙananan gyare-gyaren kayan aiki, irin wadda ta fi dacewa da dabarun masu sana'ar hannu, kuma dokar Najeriya ba ta da irinta. Giɓi ne babba a dokar da ta haura shekara 50, kuma masu ƙaramin ƙarfi ne ke faɗawa cikinsa.

Hanyar haɗa ɓangarorin biyu ita ce yarjejeniyar Paris, wadda Najeriya da ƙasashen OAPI duk suka sa wa hannu. Wanda ya shigar da buƙata a Abuja yana da wata 12 ya shigar da irinta a OAPI, a lissafa masa da ranar farko, ko da a tsakanin ya fara sayarwa ko wani ya yi yunƙurin riga shi. Mai hangen ƙasashe da yawa, har da inda ake ƙera kwaikwayon, zai iya bin tsarin PCT da Najeriya ta shiga a 2005, wanda ke ja masa lokacin yanke shawara zuwa wata 30, amma shi ma a cikin wata 12 ɗin farko ake shigar da shi, kuma kuɗinsa ba na wasa ba ne. OAPI tana karɓar buƙata da Faransanci ko Turanci, don haka rubutun da aka yi wa Abuja zai iya tafiya Yawunde ba sai an sake fassara shi ba. In wata 12 suka cika ba a shigar ba, kayan da mai ƙirƙira ya riga ya baza a kasuwannin Daura sun zama tsohon sani a idon OAPI, kuma da wuya ya samu rajista a Nijar.